Gilashin ƙara girma da ɗan sikeli: abin da suka nuna mini a tsofaffin kuɗin Kaka

Da aka raba kayan kakarmu a unguwar Aboabo ta Kumasi, ni na samu wani ɗan gwangwani cike da kuɗin zamanin Turawa: sulalla, fataka (sule biyu), sisi da taro, duk da kan Sarki George na Biyar. Yawancinsu na 1913 zuwa 1919 ne, shekarun da ake buga su da azurfa mai kyau, kafin a rage ta a 1920 a koma tagulla. Ƙanena ya ce masu tara irin waɗannan suna biyan kuɗi sosai a kan wanda ya fito da kuskure tun daga gidan bugu. To, yaya mutum zai gane kuskuren bugu da ɓarnar hannu? Shi ya sa na shiga Adum, cibiyar kasuwancin garin, na sayo gilashi mai ƙara girma sau 10, mai 'yar fitila, da ƙaramin sikeli mai batir. Wata uku ke nan ina aiki da su.

Gilashin ya biya kuɗinsa tun daren farko. Akwai sulalla biyu masu layi a fuska, da ido kamar abu ɗaya. A ƙarƙashin gilashi sai ga na farko layinsa ya taso sama, siriri, yana lanƙwasa kamar jijiya, ya ratsa haruffa ba tare da ya yanke su ba. Wannan tsagewar ƙarfen bugu ce: ƙarfen ya tsage, azurfa ta cusa cikin tsagar lokacin da aka danne ta. Na biyun kuwa layin ya nutse ciki, gefensa da ɗan tudun azurfar da aka ture, alamar wuƙa ko ƙusa. Na daɗe ina juya su a hannu, don ban taɓa zaton ƙarfe yana riƙe labarinsa haka ba.

Haka wani sisi mai guntulallen baki ya sa ni rawar jiki. Idan tun wajen yanko faifan azurfar da za a buga aka guntule shi, yawanci bakin da ke daura da wurin yakan fito a raunane, zanen kuma ya yi laushi yana gangarawa wajen gibin. Nawa babu ko ɗaya. Sawun zarto ne reras. Wani ɗan tabo kuma da na ɗauka rauni ne, ashe harafin H ne, alamar gidan bugu na Heaton a Birmingham.

Sikelin bai kai gilashin amfani ba. Sulen azurfa yakan kai wajen giram 5.6, fataka kuma ninkinsa, amma wanda ya sha yawo a hannun 'yan goro shi ma yana raguwa, don haka nauyi kaɗai ba ya yanke hukunci. Ga shi iskar fanka ma tana motsa lambobinsa. Fitilar gilashin kuma ta cika haske, tana ƙyalli a kan azurfa har ta ɓoye ƙananan ƙarce, batirinta bai yi sati biyu ba. Yanzu bakin taga nake zama da hantsi, ina karkata kuɗin.

Abin da ke ci mini rai shi ne fataka biyu da na goge da toka da lemun tsami kafin in sayi gilashin. Da na kai wa wani tsohon maƙerin azurfa a Zango, ya duba ya girgiza kai: “Ɗana, ai ka wanke musu daraja. Baƙin nan shi ne shaidar shekarunsu.” Na ce, “Baba, ban sani ba.” Gilashin ya nuna mini dubban ƙarce da hannuna ya yi.

Gilashin ne kuma ya tabbatar mini cewa hudar da ke jikin fataka huɗu aikin maƙeri ce, har da sawun dalma a bayan ɗaya. Kwabo, ɗari (rabin kwabo) da anini ne suka fito da huda daga gidan bugu, su kuma ba azurfa ba ne.

Mai irin wannan gado ya sayi gilashin, sikelin zai iya jira. Sulen mai jijiya na naɗe shi a takarda. Masu hudar kuma na kai wa Inna, ta ce ta tuna su a wuyan Kaka ranar Sallah.