Kejin roba da muka saya wa macijin shuni: wata takwas da amfani da shi

Wata takwas ke nan da muka mayar da Ɗan Kura sabon kejinsa. Ni aka ɗora wa nemo kejin, ni na haɗa shi, ni ne kuma nake wanke shi duk Asabar, don haka bari in faɗi abin da na gani ko wani zai amfana kafin ya zuba kuɗinsa.

Ɗan Kura maciji ne a wata ƙaramar cibiyar koyar da yara sanin namun daji da ke kudancin jihar Jojiya a Amurka, inda nake aikin sa kai. Amurkawa na kiran irinsa indigo, wato baba. Ma'aikata suna da nasu sunan da suke kiransa, ni kuwa tun ranar da rana ta haske bayansa na ga baƙin nan yana walƙiya shuɗi-shuɗi kamar rawanin da ya sha bugu, na ce wannan ɗan Kura ne. Farkon ganina da shi sai da na ja da baya, domin a idon wanda ya tashi a ƙasar Gombe, baƙin maciji mai kaurin hannu kumurci ne kawai. Ashe ko ɗigon dafi ba shi da shi, shi ne ma yake cin masu dafin, har da macijin nan mai kacau-kacau a wutsiya. Ba ya naɗe abin da ya kama kamar mesa. Da ƙarfin muƙamuƙi yake danne shi ya haɗiye. Babu macijin da ya kai shi tsawo a cikin 'yan asalin Amurka, namiji na iya wuce mita biyu da rabi. Namu ya ɗan haura mita biyu.

Tun 1978 gwamnatin tarayya ta saka shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazana, kuma a Jojiya ba ka da damar ajiye shi sai da takardar izini. Cibiyarmu tana da ita, shi kuma a hannun mutane aka ƙyanƙyashe shi. Na faɗi wannan ne don kada wani ya karanta ya tafi daji nema.

Kejin na farar roba mai kauri ne da ake kira PVC, tsawonsa ƙafa 8, faɗi ƙafa 2, tsayi ƙafa 2, da ƙofofin gilashi masu turawa a gaba. Dala 900 da 'yan kai muka biya har da kuɗin kawowa. An ce mako shida, sai da muka yi goma sha ɗaya muna jira, saƙo uku na aika kafin a amsa ɗaya. Ya zo a wargaje cikin kwalaye biyu, ni da wani abokin aiki muka ɗaure shi cikin awa uku. Ramukan kusoshin sun dace da juna, ba mu sha wahala ba.

Alherin kejin ya fito fili tun watan farko. Da can a akwatin gilashi mai murfin raga yake, iska tana kwashe danshi, duk saɓar da zai yi sai ta fita gutsi-gutsi, sau biyu ma fatar ido ta maƙale masa. Ga goga hanci da yake yi a ragar har ya kuje. A sabon kejin ya yi saɓa sau huɗu, duk ta fita ɗungurungum kamar an zare safa, kuma ciwon hancin ya warke. Bango uku da ba a gani ta cikinsu ya kwantar masa da hankali, ga shi ta gaba ake buɗewa, hannu ba ya sauko masa daga sama kamar shaho. Wanki ma ya zo da sauƙi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai kula da indigo: cikinsa na saurin narkar da abinci, kashinsa ruwa-ruwa ne mai wari, wani lokacin a cikin kwanon ruwansa zai yi. Roba ba ta shan ƙazanta kamar katako, goge biyu ta fita.

Amma akwai abubuwan da suka ɓata min rai. Takardar haɗawa ba ta ce a liƙe mahaɗar ƙasa da silikon, wato man liƙi mai hana ruwa wucewa, ba. Mako biyu da shigarsa ya kifar da kwanon ruwa, ruwan ya bi ta mahaɗar ya jiƙa kabad ɗin da ke ƙasa. Dole muka fitar da shi, muka liƙe, muka jira kwana huɗu warin ya fita. Tsakanin gilasan ƙofa biyu akwai rata da yatsana ke shiga, kuma ba a haɗo da makulli ba. Macijin da ke da ƙarfin danne wani maciji tura gilashi ba komai ba ne a wurinsa. Mun sayi makulli daban. Allon ɗumamawar da suka ba da shawara ya yi masa yawa. Indigo ba ya jure zafi, ƙishirwa na saurin kama shi, ya fi sakewa tsakanin digiri 21 zuwa 27 a ma'aunin Celsius. Ba don na'urar daidaita zafi da muka jona ba, da an yi ɓarna.

Babban ƙorafina shi ne faɗin. Kamfanin ya rubuta a shafinsa cewa mai ƙafa 6 ma ya ishi babban indigo. Ban yarda ba, ko mai 8 ɗin nan ya yi masa kaɗan. Wannan maciji ne mai yawo da rana, namiji a dazukan Jojiya yana zagaye ɗaruruwan hekta. Idan sanyi ya shigo sai ya koma tudun yashi ya shige ramin wani kunkuru mai haƙa ƙasa da ake kira gofa, ramin da kan kai ƙafa 15 ko fiye. A ƙafa biyu na faɗi, da zarar ka ajiye kwanon da zai iya shiga ya jiƙa jikinsa da akwatin ɓuya, hanya ta toshe. Mun yi masa dabara da bututun roba da ya ratsa ta ƙarƙashin ɓawon itace zuwa akwati mai danshin gansakuka, kuma nan ya fi zama. Da shi nake nuna wa yara yadda rayuwarsa ke rataye da kunkurun: dajin dogayen itatuwan fayin da su biyun ke zaune a ciki, wanda ya taɓa kai eka miliyan 90, ya koma kusan miliyan 3 a shekarun 1990, mafarautan macizai masu dafi kuma sun riƙa tsiyaya fetur a ramukan, suna kashe duk abin da ke ciki.

A jihar Alabama an daina ganin macijin indigo tun 1954. Sai a 2010 aka fara sakin waɗanda aka raina a hannu a dajin Conecuh, a 2020 kuma aka tsinci ɗan da aka ƙyanƙyashe a dajin. Cibiyar Orianne da ke Eustis a Fulorida tana cikin masu ƙyanƙyasar su. Ɗan Kura ba zai je daji ba, aikinsa yaro ya shafa bayansa ya koma gida ya hana babansa ɗaukar shebur idan ya ga baƙin maciji a bayan gida. Don haka nake son yara su same shi a miƙe, cikin ƙoshin lafiya, ba a dunƙule a lungu ba.

Ga mai ƙaramin indigo ɗan shekara ɗaya ko biyu, kejin nan ya yi, in dai za ka sayi silikon, makulli da na'urar daidaita zafi tun ranar farko. Ga babba, nemi mai faɗin ƙafa 3 ko 4. Mu dai mun roƙi shugabar cibiyar ta amince mu sayo na biyu mu huda bango mu haɗe su kafin Nuwamba, lokacin da barbara ke farawa, namiji ya kwana ya wuni yana neman hanyar fita.