Jami'ar kuɗi ko ta gwamnati: me tsadar take saya?

Malam, ka ce 'yarka ta samu gurbi a wuri biyu, jami'ar gwamnati da wata mai zaman kanta da kuɗinta ya ninka na waccan sau da yawa. In za a kai ta mai tsadar sai an ci bashi ko an sayar da kadara, ga kuma ƙannenta na tafe. Allah Ya sanya wa karatunta albarka. Bari mu jera su mu gani.

Wajen lokaci, mai zaman kanta ce a gaba. In an ce shekara huɗu, galibi huɗun ce. A ƙasashen da yajin aikin malamai kan rufe jami'o'in gwamnati na watanni, wannan ba ƙaramin abu ba ne, don duk shekarar da ta ƙaru a makaranta, albashin shekara guda ne ya tafi, ban da ci da sha da masauki. Wajen kulawa ma haka. Ajin da malami ya san sunan kowa daban yake da zauren da na baya ba ya ko hango allo.

Amma da an zo kan su waye ke koyarwa, sai lissafi ya juya. Tsofaffin jami'o'in gwamnati su ke riƙe da yawancin gogaggun farfesoshi da asibitocin koyarwa masu cike da marasa lafiya, kuma ɗalibin likitanci a gefen gadon majinyaci yake koyon aiki. Da yawa daga cikin sababbin masu zaman kansu aron malamai suke yi daga can, mutum ya zo ya yi lacca kwana biyu ya koma. Ginin yana ƙyalli, amma wanda zai duba aikin yarinya na shekarar ƙarshe sai an yi ta nemansa a waya.

Sai babbar tambayar, wato ko kuɗin zai dawo. A Amurka an bi diddigin wannan sosai. A 2002 masana tattalin arziki Stacy Dale da Alan Krueger sun kwatanta ɗaliban da jami'o'i iri ɗaya suka karɓa, wasu suka shiga wadda ake rububi, wasu suka zaɓi wadda ba ta kai ta suna ba. Bayan shekaru, abin da suke samu kusan ɗaya ne. Wato yaron da ya cancanci babbar makaranta, ƙwazonsa na biye da shi duk inda ya je. Waɗanda suka fi cin ribar babbar jami'a su ne 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, kuma da suka sake binciken daga baya sun ga haka ga waɗanda iyayensu ba su yi zurfin karatu ba. Dalilin da ake bayarwa a fili yake: wanda ba shi da uwa a gindin murhu, a can yake samun mutanen da za su buɗe masa ƙofa. A 2023 wani masanin tattalin arzikin, Raj Chetty, da abokan aikinsa sun ƙara da cewa manyan jami'o'i 12 irin su Harvard da Yale na ƙara wa ɗalibi damar kaiwa can ƙololuwar masu samun kuɗi, ko da yake ga matsakaicin albashi tazarar ba ta da yawa.

A nan nake so ka tsaya, don nan ne iyaye ke ruɗuwa. Waɗannan jami'o'i ne masu tankaɗe da rairaya, suna korar mafi yawan masu nema. Makarantar da duk mai kuɗi ke samun gurbi ba ta cikin wannan sahu, komai tsadarta. Ana cewa araha ba ta ado, gaskiya ne, amma tsada ma ba shaida ba ce.

Fannin karatun ya fi sunan makarantar nauyi. Wata cibiyar bincike ta Jami'ar Georgetown ta lissafa a 2015 cewa a Amurka, tsakanin fannin da ya fi kawo kuɗi da wanda ya fi ƙaranci, akwai tazarar dala miliyan 3.4 a tsawon rayuwar aiki. Ba ka faɗa mana abin da za ta karanta ba, kuma rabin amsar a nan take.

Kada kuma kuɗin da aka rubuta a takarda ya zama ƙarshen magana. Jami'ar Princeton ta Amurka ta daina haɗa bashi cikin tallafin ɗalibanta tun 2001, Harvard kuma ta sanar a 2025 cewa iyalin da ke samun dala 200,000 ko ƙasa da haka a shekara ba za su biya kuɗin karatu ba. Ba kowace ce ke da wannan ƙarfin ba, amma ka rubuta wa mai zaman kantan ka tambayi rangwame da tallafi kafin ka yanke hukunci.

Ni dai a ganina, in daga abin da kake samu za ka biya har ta gama ba tare da an tauye ƙannenta ba, kai ta mai tsadar, lokacin da kulawar sun cancanci kuɗin. In sai da bashi mai ruwa ko sayar da abin da iyali suka dogara da shi, ina roƙonka ka haƙura. Kuɗin makaranta na ƙaruwa kusan kowace shekara, kuma babu abin da ya fi ciwo irin a ciro yarinya a aji uku. Ka kai ta ta gwamnatin, ka saya mata kwamfuta mai kyau, ka tanadi ragowar don digiri na biyu.

Kafin nan, ku je ku biyu ranar da ake karatu, ba ranar baje koli ba. Ku shiga ɗakin gwaje-gwaje ku ga mutum nawa ke layi a kan na'ura ɗaya. Ku nemi takardar da ke nuna hukuma ta amince da wannan fannin nata, ba jami'ar kawai ba. Sannan ku ja 'yan ajin ƙarshe gefe ku tambaye su inda waɗanda suka gama bara suke aiki yanzu.