Landan zuwa New York da dawowa: wanne ya fi cin lokaci?

Ɗan'uwa, ka ce ka duba tikitin wani abokinka: tashi daga Landan ƙarfe 10 na safe, sauka a New York ƙarfe 1 na rana; a dawowa kuma tashi 7 na yamma, sauka 7 na safe. Kana tambaya ko dawowar ce ta ninka tafiyar har sau huɗu.

A'a, akasin haka ma. Agogo ne ya yaudare ka. Landan tana gaban New York da awa 5, kuma kowane lokaci a tikiti na garin da aka rubuta ne. Ƙara awa 5 a kan awa 3 da ka lissafa na tafiyar, ta zama awa 8. Cire 5 daga awa 12 na dawowar, ta zama 7. Ka ga tafiyar ce mai tsawo.

Nisan dai ɗaya ne, kimanin kilomita 5,550 tsakanin filin jirgin saman Heathrow na Landan da na JFK a New York. Abin da ya raba su iska ce. A tsayin da jirage ke bi, wajen kilomita 10 daga ƙasa, akwai wata iska mai kwarara kamar kogi daga yamma zuwa gabas. Jirgin da ya nufi Amurka gaba da gaba yake yi da ita, shi ya sa sau da yawa ake kauce mata, a karkata arewa ta kusa da Greenland, ko da hanyar ta ƙara tsawo. Mai dawowa Ingila kuwa neman ta yake yi, ya shiga cikinta ta riƙa tura shi ta baya. Jirgi mai gudun kilomita 900 a awa, in ya samu wannan turin, sai ka ga allon da ke gaban kujera yana nuna sama da 1,000.

Da hunturu ta fi ƙarfi. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya yi New York zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56. Waɗanda suka nufi yamma a ranar ba su samu wannan garaɓasar ba.

Wasu kan ce juyawar duniya ce ke kawo wa jirgi garin da zai sauka. Ba haka ba ne, don iskar da jirgin ke ciki tare take juyawa da duniyar.

In ni ne dai, na fi son tafiyar duk da tsawonta. Da rana ake yin ta, ka sauka da sauran haske. Yawancin jiragen dawowa na dare ne: kafin a gama raba abinci a kashe fitilu, barcin bai wuce awa 4 ba, sai ga ma'aikaciyar jirgi tana cewa a miƙar da kujera, alhali jikinka yana ganin ƙarfe 2 na dare ne.