Warcraft III: Ƙarfin Jarumai Ya Danne Dabarar Yaƙi

Wasan Warcraft III, wasan kwamfuta na dabarun yaƙi wanda kamfanin Blizzard ya fitar a 2002, sannan ya faɗaɗa shi da The Frozen Throne a 2003, yana ba ɗan wasa zaɓin ƙabilu huɗu, kuma har yau ina jin daɗin yadda kowace ke da nata salon gina sansani da tara zinariya da katako.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙarfin jarumai, wato mayaƙa na musamman da ke hawa mataki-mataki yayin da suke yaƙi. Jarumi yana iya kaiwa mataki na 10, amma tun daga na 6, inda yake samun babbar baiwarsa, yakan rinjayi rundunar da aka sha wahala wajen tarawa. Blademaster na ƙabilar Orc, wanda ke yin layar zana ya kashe ma'aikatan abokin gaba ya sulale, ya isa misali.

Harajin riƙe sojoji ma yana rage zurfin wasan, domin da zarar abincin runduna, wato ma'aunin girman rundunar ɗan wasa, ya haura 50, kashi 30 cikin ɗari na zinariyar da ake haƙowa yana salwanta, shi ya sa ƙwararru kan daɗe a wannan iyaka suna jinkirta babban gumurzu.