Murjanin Goniopora a Zariya: jan ya rayu, koren ya tafi

Ranar da na gaya wa Hajiyarmu na sayi murjani, ta ɗauka irin jan dutsen wuyan nan ne na kayan lefe. Da ta zo gidana a Samaru ta leƙa tankin gilashin, sai ta ce, "Kai yaron nan, fure ka jiƙa a ruwan gishiri?"

Ba ta yi ƙarya ba. Goniopora ake ce masa, wasu kuma su ce murjanin tukunyar fure, don idan ya miƙe da rana kamar an cika tukunya da furanni masu dogon wuya. Amma dabba ce, daga tekun Indiya da na Fasifik. Kowane kai, wato kowane fure guda, yana da 'yan yatsu 24, ɗan'uwansa Alveopora kuma 12. Sai da na haska fitilar waya na ƙirga, gudun kada a yi mini sakiyar da ba ruwa.

Biyu na saya wajen wani mai shago a Legas, ja da kore, suka kwana a mota cikin kula. Kwana uku suna ƙudundune kamar busasshen dutse, na huɗu suka buɗe.

Wahalar ba ta murjanin ba ce kaɗai, ta garinmu ce. Yana son ruwa ya tsaya wajen digiri 25 zuwa 26. To, wanda ya san zafin Afrilu a Zariya ya san zancen. Wata rana aka ɗauke wuta tun hantsi, batirin sola ya gaza kafin la'asar, na dawo aiki na tarar ma'aunin ya haura 30. Na bi maƙwabta ina neman ƙanƙara, ina jefa gorunan roba masu ƙanƙara a tanki kamar mai sayar da zoɓo. Jan ya farfaɗo. Koren kuwa, bayan 'yan kwanaki sai wani yauƙi mai ruwan ƙasa ya lulluɓe gefensa, kamar miyar kuka ta kwana. Na zuƙe shi da tiyo, na tsoma murjanin a ruwan aidin, duk a banza. Cikin mako guda sai farin ƙashi. Dama koren nan mai dogon wuya ya yi suna wajen mutuwa kafin ya cika shekara a tanki, kuma mai shagon bai ce mini uffan ba. Wannan ya ba ni haushi.

Jan yanzu watansa tara. Ƙananan gansakuka da ke cikin naman jikinsa suna samar masa abinci daga haske, amma ni ban bar shi haka ba. Sau biyu a mako nakan kashe famfon da ke juya ruwan tankin, in dama garin ƙananan halittun teku, in fesa masa da sirinji a hankali. Sai ka ga kowane kai ya dunƙule kan rabonsa. Igiyar ruwa matsakaiciya yake so, wadda za ta sa shi rangaji ba ta kwantar da shi ba. A ba shi fili, domin yana harbin murjanin da ya matso kusa.

Ruwan rijiyar burtsatse sai na tace shi da na'ura kafin in haɗa gishiri har ma'aunin gishirin ruwa ya nuna 1.025. Da hunturu ruwa na saurin ƙafewa, gishiri ya hau, ga ƙura, don haka kullum da safe ina ƙara tataccen ruwa zalla.

Zan ƙara saye? Ja kawai, kuma sai bayan na sayi na'urar sanyaya ruwa da ƙarin batir. Hajiya dai har yanzu idan ta zo, kafin ta zauna sai ta tambayi lafiyar furenta.