Wata takwas da motar da ke kashe ƙugin injinta da sifika

Ni mutum ne mai yawan hanya. Da wuya mako ya wuce ban yi Kano zuwa Kaduna na dawo ba, kuma ba na iya tuƙi shiru. In ba karatu ba to rediyo, in ba rediyo ba to kiɗa, galibi na gargajiya: kalangu, kotso, kuntigi, garaya, sai jefi-jefi na yaran zamani in ƙannena sun cika mini filashi. Saboda haka duk motar da na saya, kafin ma in duba tayoyinta, wurin masu haɗa sauti take fara zuwa.

Ta yanzu 'yar Kwatano ce, ƙirar Japan, samfurin 2015, mai silinda huɗu, daga Amurka aka kawo ta. Dillali ya lissafa mini kujerun fata, kyamarar baya, da esi mai sanyi kamar ƙanƙara. Bai ce mini tana da na'urar kashe ƙara ba, wadda ake taƙaita sunanta da ANC, kuma na tabbata shi ma bai san da ita ba. Abin da na lura da shi a makon farko kawai shi ne motar tana da natsuwa. In na miƙe hanya daga Kura zuwa Kwanar Dangora, ina jin iska, ina jin taya, amma wannan ƙugin na inji da yake cika kunne har ka sauka kanka yana nauyi, babu shi. Na ɗauka sa'ar inji na yi.

Sai na kai ta aka sa mata wufa, wato babbar sifikar da ke fitar da kaurin sauti, da amfilifaya mai ƙara mata ƙarfi a but, kamar yadda na saba. Yaron da ya yi aikin ya iya hannunsa, ban raina shi ba. Ya ɗauko sauti daga wayoyin sifikun baya, ya ja wuta daga batir, ya kunna mini a tsaye inji a kashe, abu ya yi daɗi, na biya na kama hanya. Ban kai titi na biyu ba na ji wani gurnani yana tasowa daga baya, wuuum, wuuum, kamar an tayar da janareta a cikin but. Na rage sauti, yana nan. Na kashe rediyon gaba ɗaya, yana nan. In na taka totur ya canza murya, in na sauke gilas ya lafa. Na juya na koma. Ya ce, "Alhaji, ai wayar at ce ba ta kama ba." Ya kankare fenti ya sake ɗaure ta. Bai daina ba. Ya ce altaneta ce. Mai wayarin na kusa da shi ya leƙo ya ce salansa ce ta fashe. Kwana uku ana lalube a duhu, har na fara tunanin ko an sayar mini da gawa ne aka shafa mata hoda.

Ƙanina da ya karanta injiniyancin lantarki ne ya warware zancen cikin minti biyar. Ya shiga ya zauna, ya ɗaga kai yana duba silin motar, ya nuna mini wani ɗan wuri mai huji-huji kusa da fitilar karatu, ya nuna wani a baya. Ya ce, "Yaya, motarka tana da kunne. Ku kuka sa ta faɗa da kanta."

Ga yadda abin yake, gwargwadon yadda na fahimce shi daga baya. Sauti ba komai ba ne illa iska da ake turawa ana janyewa da sauri. In inji ya turo iska a daidai lokacin da sifika ta janye ta daidai gwargwado, kunne ba ya samun komai. Kamar lugude ne: taɓarya ɗaya tana sauka, ɗaya tana tashi, ba a taɓa haɗuwa a turmi. Ƙaramar kwamfutar da ke bayan dashbod tana karanta yawan juyin inji, ta san irin ƙugin da zai fito, sai ta aika kishiyarsa ta cikin sifikun da kake jin kiɗa da su. Makirufon da ke silin kuma aikinsu su saurari abin da ya rage, su faɗa mata ta ƙara ko ta rage. Tana yin haka ko rediyo yana kunne ko yana kashe.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani Bajamushe mai suna Paul Lueg ya samu rajistar mallakarta a Amurka tun 1936, sai dai kayan lantarkin zamaninsa ba su da saurin da za su iya aikin. Kamfanin Nissan ne ya fara sa ta a motar kasuwa, a Bluebird ta Japan, a farkon shekarun 1990. Abin da ya yaɗa ta daga baya kuwa neman sauƙin shan mai ne. Honda, alal misali, ta sa ta a Odyssey ta 2005, wadda injinta mai silinda shida yake kashe uku in hanya ta miƙe, domin inji mai tafiya da rabin silindarsa yana da ƙugi marar daɗi. Da kamfani ya lafta wa mota ƙarin kilo-kilo na soso da roba, gara ya sa makirufo biyu da 'yar kwamfuta.

To mu kuma da muka ɗauko sauti daga wayar sifikar baya, ashe ba kiɗa kaɗai muka ɗauko ba, har da kishiyar ƙugin. Amfilifaya ta ninka ta, wufa ta watso ta da ƙarfin da na'urar ba ta yi lissafi da shi ba, kuma ba a kan lokacin da take zato ba. Makirufo ya ji ƙugi ya ƙaru, kwamfuta ta ƙara magani, maganin ya koma cuta. Shi ne janaretan da nake ji a but.

Ƙanina ya ce mafi sauƙi a zare soket ɗin na'urar, haka yawancin masu sa wufa suke yi. Aka zare, gurnani ya ɗauke nan take. Wannan ne ya ba ni damar da ba kowa ke samu ba, wato na ji motar guda da na'urar da kuma babu ita, a hanya guda, da waƙoƙi guda. Na yi wata ɗaya da wufa babu ANC, sannan na sa aka cire wayar wufa aka mayar da soket, na ci gaba a haka.

Bambancin ya fi fitowa a inda allurar juyin inji take zaune tsakanin 1,500 da 2,000. Giyar motar irin ta CVT ce, wadda ke riƙe inji a ƙasa-ƙasa don tattalin mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 ai kowa ya koyi sassauta ƙafa a kan totur, don haka a nan allurar take wuni. Lissafin mai sauƙi ne: inji mai silinda huɗu yana tashin wuta sau biyu a kowane juyi, don haka a juyi 1,800 cikin minti ɗaya, yana buga iska sau 60 a daƙiƙa. A daidai wannan unguwar ce kaurin kiɗa yake zaune, wato dukan babbar ganga da jitar bes. Da na'urar a zare, inji da ganga suna kokawa a wuri guda, sai ka riƙa murɗa sauti sama don ganga ta yi nasara. Da wufa ma haka nake yi, sai dai ita tana da ƙarfin da za ta danne injin. Sakamakon shi ne ƙara a kan ƙara. Ina isa Kaduna kunnena yana shuu.

Da aka mayar da na'urar, lambar sautin da nake tafiya da ita ta sauko daga wajen 18 zuwa 12 ko 13, ba da niyya ba, hannuna ne kawai ya daina kai wa maɓallin. Kuma na fara jin abubuwan da na manta suna cikin waƙoƙin. Kalangu shi ne babban misali. Daɗinsa yana wurin da makaɗi ya matse tsarkiya murya ta hau, ya saki ta gangaro ƙasa. Wannan gangarowar, wutsiyar sautin, ita ce ƙugin inji yake fara haɗiyewa, sai ka ji dukan kawai ba ka ji maganar ba. Yanzu ina jin ta har ƙarshe. Haka 'yan amshi masu kaurin murya a waƙoƙin fada, da can dunƙulewa suke yi su zama gunaguni ɗaya, yanzu ana rarrabe su. Tsofaffin ɗaukan da aka kwafo daga kaset, waɗanda dama ba su da ƙarfi, su ne suka fi cin riba. Kuntigi kuwa, da yake muryarsa siririya ce tana can sama, ban ji wani canji a kansa ba sai dai natsuwar da ke kewaye da shi.

Karatu da tafsiri da labaran rediyo ma sun amfana, har uwargida, wadda ba ruwanta da zancen sifika, ta ce yanzu tana iya yi mini magana daga kujerar baya ba tare da ɗaga murya ba. Ban tabbata wannan riba ce gare ni ba, amma na rubuta ta a cikin ribar.

Tambayar da abokai suka fi yi mini ita ce, shin ba ta cinye bes ɗin waƙar ma? A yadda aka tsara ta bai kamata ba, tun da juyin inji take bi, ba duk wani kauri da ta ji take kai wa hari ba. Na gwada waƙa ɗaya inji a kashe, na sake ta inji yana aiki a tsaye, ban kama wani gibi ba. Inda na ji rauni shi ne in na ƙure sauti a waƙoƙin situdiyo na yanzu masu nauyin bes. A nan sifikun ƙofa suna aiki biyu ne, suna kiɗa suna kuma kashe ƙugi, kuma ƙananan sifiku ne, akwai iyakar motsin da za su iya. Sai ka ji bes ya yi laushi, ya daina naushi. Wanda yake son madubinsa ya riƙa rawa, ƙirjinsa yana amsawa, wannan tsarin ba zai gamsar da shi ba, kuma ba laifi ba ne mutum ya so hakan. Ni ma shekara goma da suka wuce da na zare soket ɗin na jefar.

Kada kuma wani ya ɗauka motar ta zama ɗakin karatu. Hon ɗin 'yan adaidaita sahu, ihun kwandasta, tirelar da ta zo wuce ka, iskar da ke shiga ta gefen gilas, duk suna nan yadda suke. Dalili kuwa tsawon igiyar sauti ne. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka ƙugi mai bugu 60 tsawon igiyarsa ya haura mita biyar da rabi, ya fi motar kanta tsawo, in an kashe shi a wurin direba to kusan an kashe shi a wurin na kusa da shi. Sauti mai bugu 1,000 kuwa igiyarsa wajen santimita 34 ce kawai, ka ɗan karkata kai ka fita daga inda aka kashe shi. Shi ya sa abin sawa a kunne mai ANC ya fi mota iya wannan aiki nesa ba kusa ba, shi ɗan wurin da ke bakin kunne kawai yake gadi. Ramuka da kwalta mai kaushi ma tawa ba ta san da su ba. Na shiga wata hanyar ƙauye mai burji wajen Makarfi, ƙarar ƙasa ta rufe komai, na kashe kiɗan na haƙura. In kuma esi ya ƙi aiki ka sauke gilas, to zancen ya ƙare.

Sababbin motoci sun fara taɓa ƙarar hanyar. Hyundai ta sa irin wannan a Genesis GV80 a 2020, inda ake dasa na'urorin jin girgiza a ƙarƙashin mota kusa da tayoyi, su sanar da kwamfuta kafin ƙarar ta iso kunne. Ban taɓa tuƙa irinta ba, kuma ina son ganin yadda za ta kaya da hanyoyinmu bayan damina. Wani abin dariya kuma, da waɗannan sifikun ne wasu kamfanoni suke ƙara wa mota rurin inji na ƙarya don direba ya ji shi namiji ne, kamar yadda BMW ta yi a M5 tun 2011. Wani yana biya a kashe masa, wani yana biya a ƙara masa.

In za ka kai motarka wurin masu sauti, musamman tokumbo ta shekaru goma sha biyar ɗin nan, ka fara ɗaga kai ka duba silin, ko ka buɗe littafin motar. In akwai makirufon, ka faɗa wa mai aikin tun kafin ya yanka waya. Ana iya haɗa wufa da ANC a zauna lafiya a wasu motocin, in an ɗauko sautin daga inda kishiyar ƙugin ba ta riga ta shiga ba, amma aiki ne na wanda ya san zanen wayoyin motar, kuma duk da haka makirufo zai ci gaba da jin ɗakin da aka canza masa. Masu ɗinkin kujera ma a ja musu kunne in za su sake silin, kada su lulluɓe hujin da yadi. Canza salansa ko sa sifikun da suka fi na asali ƙarfi sosai shi ma yana iya rikita lissafin, domin an auna komai ne da kayan da motar ta fito da su.

Ni dai na zaɓi shirun. Soket yana wurinsa, but ɗina ya dawo na ɗaukar buhun shinkafa, wufar kuma tana falo ƙarƙashin talabijin, ƙanina ya haɗa mata wuta, yara suna kallon ƙwallo da ita. Na koma wurin yaron nan na nuna masa makirufon da akwatin da ke bayan dashbod. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wallahi Alhaji, mota biyu na mayar wa mutane kuɗinsu a kan wannan gurnanin."