Na gwada burauzar nan mai AI a shago, ga abin da na gani

Jama'a tun bayan tsakiyar 2025 ake ta surutun sabbin burauza masu AI a ciki, wai Chrome ya tsufa, wai yanzu ba sai ka yi ta danne-danne ba, faɗa mata kawai za ka yi ta je ta yi maka. Kamfanin Perplexity suka fito da tasu mai suna Comet a watan Yuli, lokacin sai mai biyan dala 200 a wata ko wanda aka gayyata, a Oktoba suka sake ta kyauta, a watan dai OpenAI masu ChatGPT suka fito da Atlas ranar 21, ita kuma da farko ta masu Mac ce kawai. Ga Dia ta kamfanin da ya yi burauzar Arc, wanda kamfanin Atlassian ya saye kan dala miliyan 610. To ni ma na sauke ɗaya a laftof ɗin shago, aikina buga takardu ne da cike wa mutane fom na makaranta da na neman aiki. Ba zan kama sunan wadda na sa ba, don abin da ya fi damuna ba nata ba ne ita kaɗai, tsarin nasu duk kusan ɗaya ne.

Kafin in fara ƙorafi bari in ba ta haƙƙinta. Wajen karatu ta iya aiki wlh. Akwai wata takardar sharuɗɗan tallafin karatu mai tsawon tsiya da wani ɗalibi ya kawo, na buɗe na ce ta ciro min ranar rufewa da shekarun da ake ɗauka da takardun da za a haɗa, nan take ta jero su, na bi na duba da idona kuma daidai ne. Ko da Hausa na yi mata magana tana ganewa, duk da Hausar da take mayarwa wani lokaci sai ka yi dariya. Kuma da yake a kan Chromium aka gina ta, wato injin da ke cikin Chrome da Edge da Brave da Opera, ba ka jin ka shiga baƙon wuri, komai yana inda ka saba. Tun a buɗewar farko take roƙon ka kwaso mata tarihin shafukanka da fasawod ɗinka daga tsohuwar burauzar, na bar mata shafukan da na adana amma fasawod na ce a'a.

Nauyi kuwa akwai shi. Laftof ɗina na hannu ne mai RAM 8GB, da Chrome ma ba wani sakewa yake ba, amma wannan in na buɗe tab kamar goma na kuma kunna mataimakin AI ɗin a gefe sai fanka ta fara kuka, ƙasan laftof ɗin ya ɗau zafi, Word ya fara jan ƙafa, in NEPA suka ɗauke kuwa kana kallo caji na zurarewa. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne ƙwaƙwalwar ba a kwamfutarka take ba, tana can a sabar kamfanin, wato manyan kwamfutocinsu, duk abin da ka tambaya sai an tura shafin can an jira amsa ta dawo. Ranar da netwok ya yi sanyi sai ka ga tana ta juyi tana juyi kwastoma na tsaye a kanka. Data ma tana ci, kuma tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a farashin kira da data a Janairun 2025 ai kowa da lissafi yake kunna MiFi.

Sai ɓangaren da ake ta talla a kansa, wanda za ka ba ta aiki ta karɓe linzamin ta yi da kanta. Na ba ta wani fom na gwaji da bayanan ƙarya don in gani. Abin kallo ne gaskiya, shafi na hawa yana sauka ba ka taɓa komai ba, tana danna nan ta tsaya ta yi tunani ta danna can, yaron shagona har matso da kujera ya yi. Amma lokacin da ta ɗauka da ni ne da na cike uku. Da ta zo kan ƙaramar hukuma kuma na rubuta mata Dawakin Kudu sai ta zaɓi Dawakin Tofa ta wuce abinta, a ƙarshe ta ce min ta kammala komai lafiya. A irin aikinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuskure ɗaya a fom sai mutum ya yi wata yana zarya wajen gyara.

Duk wannan mai sauƙi ne, ana iya gyara shi da sabuntawa. Abin da ya sa na ja baya shi ne tsaro. Tsohuwar burauza tana da katanga tsakanin shafuka, shafin da ka buɗe na labarai ba shi da ikon leƙa Gmail ɗinka ko shafin bankinka ko da suna buɗe a tab na kusa, shekara da shekaru a kan wannan ƙa'idar ake. Shi kuwa mataimakin nan da sunanka yake yawo, duk inda ka riga ka shiga da fasawod shi ma ya shiga, katangar ba ta tare shi. Matsalar kuma ba ya iya rarrabewa sosai tsakanin umarninka da rubutun da ya tarar a shafi. Kamar yaron aike ne da ka ba makullan gida, duk wanda ya tare shi a hanya ya ce maigidanka ya ce ka ba ni sai ya miƙa.

Ba zato nake ba. A watan Agustan 2025 masu binciken tsaro na Brave sun nuna yadda aka ɓoye umarni a cikin wani sharhi a dandalin Reddit, mai Comet bai yi komai ba illa ya ce ta taƙaita masa shafin, sai ta bi ɓoyayyen umarnin ta je ta ɗauko adireshin imel ɗinsa, ta sa aka turo lambar OTP, ta shiga Gmail ta karanto lambar, ta dawo ta rubuta su a matsayin amsa ƙarƙashin sharhin. E na sani Brave kishiya ce, su ma burauza suke sayarwa, kuma an ce an toshe wannan ƙofar, amma ai irin ƙofar ce ba ta ƙarewa, rubutu fari a kan farin shafi ma ya isa. A watan dai kamfanin tsaro na Guardio ya haɗa shagon Walmart na bogi a intanet ya ce wa Comet ta sayo Apple Watch, a wasu gwaje-gwajen ta cike adireshi da lambar kati ta biya ba ta tambayi kowa ba. Shugaban tsaron bayanai na OpenAI da kansa, Dane Stuckey, bayan fitowar Atlas ya yarda cewa wannan matsala ta cusa umarni har yanzu ba a warware ta ba. A Disamban 2025 kuma kamfanin bincike na Gartner ya ba kamfanoni shawarar su toshe irin waɗannan burauza tukunna. Yanzu ku duba mu nan da kullum ake damfarar mutane da kiran waya ana cewa turo lambar da ta shigo maka, aƙalla can sai an yaudari mutum, nan kuwa ba ma sai an kira ka ba.

Maganar sirri ita ma tana nan. A laftof ɗin shago mutane ke shiga imel ɗinsu, NIN da BVN da hotunan fasfo da sakamakon jarrabawa duk ta nan suke wucewa, amanar mutane ce ba tawa ba. In mataimakin yana karanta shafin da ke gabana to bayanan wani bawan Allah sun tafi sabar da ba shi ya zaɓa ba, ga dokar kare bayanai ta 2023 a ƙasar nan, ban ga dalilin da zan jawo wa kaina ba. Wasunsu kuma suna da tsarin tuna shafukan da ka ziyarta don su riƙa yi maka amfani da su gaba, akwai wurin kashewa a saiti amma mutum nawa ne ke shiga saiti? Shugaban Perplexity ma, Aravind Srinivas, ya faɗa a wata hira a Afrilun 2025 cewa cikin dalilan gina burauzar har da samun bayanan abin da mutum ke yi a wajen manhajarsu, don su fahimce shi sosai, ta yiwu har a nuna masa tallan da ya dace da shi. Na yaba da bai ɓoye ba, kuma kar a ce Google waliyyi ne, shi ma da talla yake ci. Bambancin dai wannan ba gani kawai take ba, har hannu gare ta.

To ban goge ta ba. Na cire ta daga laftof ɗin kwastomomi na mayar da ita kan tsohuwar kwamfutar da ke lungu, ban shiga imel ko banki ko Facebook a cikinta ba, babu kati babu fasawod ko ɗaya, in ina da doguwar takarda ta jama'a da kowa zai iya gani a intanet sai in ba ta ta taƙaita, shi ke nan aikinta. Wanda kwamfutarsa RAM 4GB ce ma ina ga kar ya wahalar da kansa. Ƙanena ya tambaye ni ko ya sa irinta a waya tunda an fara fito da na Android, na ce masa in wayar da layin bankinsa ke ciki ce, wadda OTP ke shigowa, ya bari tukunna.